Dusa a Kan Matattakala

Gidan da aka kai ni aure a unguwar Zango ta Damagaram bene ne na ƙasa, irin na fataken da. Matattakalarsa a cikin gini take, mai duhu, tana hawa ta wuce ɗakin sama ta ƙare a ƙofar soro, wato saman rufin gidan. An shimfiɗa mata doguwar darduma ja tun daga ƙasa har sama, wadda kakan maigidana ya zo da ita a kan raƙumi daga arewa. Uwar mijina, da muke kira Inna, tana ji da dardumar nan kamar ƴar da ta haifa.

Da na tare sai kula da ita ya dawo hannuna, a shekarun da sama ta ƙi zubar da ruwa. Damagaram dama ba garin ruwa ba ne, balle a lokacin. Wanda aka samu daga ƴan ga-ruwa na sha ne da alwala, wa zai zuba wa darduma? Tsintsiyar kaba tana tsinke mata gashi. Wani ɗan kasuwa Bakano ya taɓa kawo mana injin zuƙar shara mu gwada, ga nauyi, ga igiyarsa ba ta kai rabi ba, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Inna ta ce a mayar masa da abinsa. Aka koma ga abin da ta gada: dusa, da buroshi mai laushi, da guntuwar tsintsiya ta shiga lungu. A ɗan jiƙa dusar, a barbaɗa a kowane mataki da hantsi, a bar ta ta kama datti, bayan la'asar a share daga sama zuwa ƙasa.

A shekarar kuwa dusa ta zama abinci. Mata daga ƙauyukan Tirmini da Zermu suna bi gida gida suna neman ta. Na yi wa Inna magana, ta ce, "Tafi ɗaya ne, ƴar nan, ba zai raya kowa ba." Na ci gaba, amma duk ranar da na barbaɗa sai na yi istigfari.

Wata rana na hau da buroshina bayan la'asar, na tarar matakan sama babu dusa ko ƙwaya. Ba shara aka yi ba, tsincewa aka yi. Gashin dardumar ya kwanta layi layi, kamar an bi shi da yatsu. Ba mu da kaji, kuma ɓera ba ya aiki da tsabta haka. Na kira Inna. Ta duba, ta ja mayafinta.

"Mutanen ɓoye ne," in ji ta a hankali. "Sun riga mu zama a gidan nan. Ki yi bisimilla ki wuce, kada ki sa musu ido."

Haka abin ya ci gaba. Da rana tsaka, lokacin da gari ke yin tsit har kana jin ginin yana ƙara don zafi, sai in ji wani ɗan sauti daga matattakala, kamar ana tsince shinkafa a faifai. In yi addu'a in juya wa ƙofar baya.

Ranar da na gani ban yi niyya ba. Na hau ɗakin sama ɗauko zani, ina fitowa na ga ƙofar soro a ɗan buɗe, hannu ya shigo ta ƙasa. Siriri ne, fata ta manne wa ƙashi, yana tattara dusa cikin natsuwa. Na tsaya ina kallo. Sai haske ya faɗa kan zoben azurfa mai jan dutse, na gane shi. Na tsohuwar maƙwabciyarmu ne, wadda soronta ke manne da namu. Ƴar manyan fatake ce, mijinta ya rasu, ƴaƴanta sun tafi Kano ba labari. Ko a makon nan na aika mata da tuwo ta mayar, ta ce alhamdulillahi yanzu ta ci. Irinsu ba sa karɓa. Shara kuwa ba ta kowa ba ce.

Na koma ɗaki a kan yatsun ƙafa. Ban faɗa wa kowa ba, don asirin da Allah ya rufa ba ni zan tona ba. Na dai riƙa share matakan sama tas kafin in barbaɗa, ina cika hannu.

Ana nan asu ya fara cin gefen dardumar. Maigidana yana aiki a gidan gona na gwamnati, sai ya kawo farin garin da ake kashe fara da shi. Ban san ya kawo ba. Ran nan na tafi barkar haihuwa a unguwar Birni, ban dawo ba sai bayan azahar. Ina shiga na ji wani wari mai ɗaci.

"Na hutar da ke yau," in ji Inna daga kan tabarma. "Na kwaɓa dusar da maganin da mijinki ya kawo. Asu ya ga ta kansa."

Ban san lokacin da na yar da mayafi na hau ba. Matakan sama biyu an tsince su tas. Ƙofar soro a rufe.

Na fita soron, rana kamar ta narka mutum. Katangar da ta raba mu ba ta wuce ƙugu ba, bayanta babu kowa sai ƙofar ɗakinta da labule. In na kira ta, na kashe ta da kunya. In na yi shiru, dusar za ta kashe ta. Sai na juya baya ga katangar, na fuskanci tsakar gidanmu, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gidan miji ba.

"Inna! Dusar yau akwai guba a ciki! Maganin fara ne! Ko akuya ta lasa ba za ta kwana ba!"

"Ke lafiyarki?" Inna ta amsa daga ƙasa. "Ni da na zuba za ki faɗa wa? Muna da akuya ne?"

Na sake faɗa, har muryata ta dushe. Labulen bai motsa ba. Babu tari, babu motsin kwano. Na sauko na share sauran, na binne a bayan gida, na wanke hannu da toka. Na yi la'asar ban san me na karanta ba, kunnena yana can bayan katanga yana jiran kuka.

Kafin magariba na sake hawa. A kan mataki na sama akwai dunƙulen dusa guda, a jiƙe, an matse shi da hannu har shatin yatsu ya fito. Na duba shi ta kowane gefe, babu gurbin haƙori. Na zauna a wurin na yi kuka.

Ban ji hawowar Inna ba. Ta tsaya a bayana tana haki, ta dubi dunƙulen, ta dubi ƙofar soro, ta daɗe.

"Mutanen ɓoye sun mayar mana da kayanmu," ta ce. "A zubar da maganin nan, asu ya ci rabonsa. Gobe ki wanke matakan saman nan da ruwa da sabulu."

"Da ruwa, Inna?"

"Da na alwalata, ni sai in yi taimama. Kuma dusar nan ta yi laushi da yawa, ba ta kama datti. Ki riƙa haɗa ta da garin gero."

Washegari na yi yadda ta ce. Da rana tsaka muna zaune ni da ita, sai muka ji sautin tsincewa daga sama. Inna ta ci gaba da jan carbinta.