Daɓen da Inna Ta Yi wa Auta

Duk unguwarmu, in za a yi daɓen ɗakin amarya, Inna ake fara nema. Ita ke zaɓen tsakuwa, ita ke jiƙa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa ƙasa ta yi ja ta yi ƙyalli, ita ce kuma mai ba da waƙa mata na amsawa suna dukan ƙasa da madaɓi. Ƙauyenmu yana kan hanyar Malumfashi zuwa Funtua, kuma a lokacin siminti sai gidan dagaci da na dillalan auduga. Inna ba ta da fariya a kan komai, amma a kan daɓe ba ta raga wa kowa. Takan shiga ɗakin da wata ta daɓe, ta shafa ƙasa da tafin hannu, ta ce, "To, an dai yi ƙoƙari." Mai aikin ta san an gama da ita.

Ƙanena, autanmu, ya shiga sakandaren kwana wajen ƙarshen shekarun saba'in. Hutunsa na farko ya dawo da wata sanda mai lanƙwasasshen kai da wata farar ƙwallo, girman goruba, taurin dutse. Ya ce sunan wasan hoki. Baba ya karɓi sandar, ya juya ta, ya ce shi dai ƙotar fartanya yake gani, sai dai wannan ba ta noma. Ni kuwa tsiya na yi ta yi masa, don Auta tun yana ƙarami ba ya iya ɗauko ƙwarya daga ɗaki zuwa murhu bai tuntsurar da ita ba. Sai da na ga yana jan ƙwallon nan tsakanin turmi da tukwane ba ta taɓa ko ɗaya ba, sannan na kama bakina.

Wanda ya ɗora shi a kan wasan malaminsu ne na wasanni. Iyayensa 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Funtua aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Mutum ne dogo, mai saurin magana, wanda in ya sa abu a ransa ba ya ganin komai sai shi. Lokacin da Auta ke aji huɗu malamin ya zo gidanmu a kan babur, ya zauna da Baba a zaure, mu kuma muna bayan ƙyaure muna saurare. Ya ce za a tara matasa daga ko'ina a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa a gasar yara ta ƙasashen waje, kuma a cikin duk yaran da ya taɓa koyarwa babu mai hannun Auta. Ya ce gasar tana da iyakar shekaru. In Auta bai shiga wannan karon ba, kafin a sake wata ya girme ta.

Daga nan ya ciro wani ƙyalle kore daga aljihu, bai fi tafin hannu ba, mai gajeren gashi kamar buroshi. Ya samo shi ne wajen wani kwas da ya je. Ya ce a ƙasashen waje an fara barin ciyawa, a kan irin wannan shimfiɗa ake wasa, ƙwallo ba ta tsalle, tafiya take kamar an ja zare. Har ya ce akwai inda sanyi ya yi yawa, a kan ƙanƙara suke yin nasu. Shi ya sa ya daina kai zaɓaɓɓun yaransa filin makaranta, yake kwashe tebura daga ɗakin cin abinci yana koya musu a kan siminti: sanda a ƙasa, turi gajere, babu dukan hauka. Damuwarsa ɗaya, hutu. Duk abin da Auta ya koya, in ya dawo gida ya yi ta fama da kunyoyin gona da burtali, sai hannunsa ya lalace.

Inna ta aiko ni in karɓo ƙyallen ta gani. Ta murza shi, ta kwantar da gashinsa da babban yatsa, ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"Malam, yo wannan ai daɓe ne aka yi wa gashi. In santsi ake nema, a bar min."

Bayan gidanmu akwai wani kango, tsohon garken shanun kakanmu, katanga ta kewaye shi. Nan ta zaɓa. Da bazara, rana na dukan tsakar ka, ta sa aka yi ta kawo marmara a kan jakuna. Ta kira gayya, matan unguwa suka zo, amma da suka ji ba ɗakin amarya ba ne, filin wasan yaro ne, sai dariya ta tashi. Wata goggonmu ta ce, "Ke kuwa, ƙatuwar mace da manyan 'ya'ya, ki ɓata makuba don ɗa namiji ya kori goruba?" Rana ta farko sun taya ta don kunya da kunun da ta dama. Rana ta biyu rabinsu ba su dawo ba. Daga nan sai ni da ita.

Ban taɓa shan wahala irin ta wannan daɓen ba, kuma ban ɓoye ba, kullum sai na yi mita. Ni ce mai ɗebo ruwa daga rijiya, ita ce a durƙushe tana duka. In ta gama layi sai ta karɓi ƙwallon Auta ta gangara ta a hankali, ta kwantar da kai tana kallo. In ƙwallon ta ɗan yi tsalle ko ta kauce, sai ta tono wurin ta sake. Na ce, "Inna, ko ɗakin 'yar sarki ba a yi masa haka." Ta ce ɗakin 'yar sarki gado ake ɗorawa a rufe aibinsa, wannan kuwa babu abin da zai rufe shi. A nan kafaɗarta ta dama ta fara ciwon da bai rabu da ita ba har ƙarshe. Da ta gama, wurin ya yi jawur, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Da damina ta faɗi, da zana da tsofaffin buhuna take rufe shi.

A kan wannan daɓen Auta ya yi hutu bayan hutu. Da asuba kafin a tafi gona, da yamma bayan an dawo, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga bayan gida. Malamin yakan zo ya jera gwangwanayen madara, ya tsaya yana ihu, "Ƙasa da sanda! Kar ka ɗaga!" Har ya kai Auta yana iya zagaye gwangwanayen nan yana kallon fuskata yana yi mini gwalo. Inna takan jingina da katanga tana tsince wake. Ba wasan take kallo ba, ta faɗa mini, ƙwallon take kallo, yadda take tafiya ba gargada.

Kafin lokacin zaɓen ya zo an yi aurena, na tare a Kaduna, inda maigidana ke aiki a masaƙa. A Kadunar kuwa aka ce za a yi gwajin yaran Arewa, tsakiyar damina. Na roƙi maigidana ya kai ni. Duk filin nan mata ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na yafa mayafina na zauna a kan benci.

Tun kafin a fara na ga fuskar malamin ta canza. Filin ciyawa ne. An kwana ana ruwa, ciyawar ta yi tsawo, an yanke ta sama-sama, ga dunƙule-dunƙulen saiwa, ga taɓo a bakin raga. Malamin ya taka ya shiga, ya danna ƙasa da takalminsa, ya dawo.

Aka busa usur. Ƙwallo ta farko da ta zo wa Auta, ya kwantar da sanda yadda aka koya masa, ta ci karo da saiwa ta tsallake ta wuce. Ta biyu ya tare, ya tura wa abokinsa turin nan nasa mai laushi, ta tafi kamu kaɗan ta maƙale a ciyawa, wani ya kwashe. Ya yi yunƙurin zagaye mai tsaron baya, hannunsa ya wuce, ƙwallo ta tsaya a baya. Sauran yaran, waɗanda suka tashi a irin wannan fili, sama suke ɗaga sanda su maka wa ƙwallo duka ta tafi ta yi ta tsalle, su bi ta da gudu. Babu kyan gani ko kaɗan, amma ƙwallonsu na isa inda aka aike ta. Auta bai iya wannan dukan ba. Shekara biyu ana hana shi.

Ni da ban san dokar wasan ba na gane abin da ke faruwa. Na ji wani daga cikin masu zaɓen, mai farar hula da takarda a hannu, yana ce wa na kusa da shi yaron nan ba shi da ƙarfi. Auta, wanda ke ɗaukar buhun masara shi kaɗai! Na miƙe zan yi magana, maigidana ya ja mayafina na zauna. Da aka tashi, malamin ya bi su yana roƙo. Ya ce su ba yaron minti kaɗan a kan simintin barandar can su ga abin mamaki, ai inda za a je ba ciyawa ba ce. Suka ce su abin da suka gani a fili da shi za su yi aiki. Ba a kira Auta cikin waɗanda za su wuce Legas ba.

A ɗakina ya sauka. Na zuba masa tuwo, ya zauna yana kallonsa. Malamin ya tsaya a bakin ƙofa, wannan mutum mai surutu, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na shirya shi don inda za shi, na manta hanyar da zai bi." Na so in zazzage masa duk abin da ke cikina, amma na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na fasa. Bayan ya tafi Auta ya ɗago kai.

"Yaya, kar ki gaya wa Inna ciyawa ce."

"Don me? Ai gara ta san ba laifinka ba ne."

"In ta ji, za ta gane santsin ne ya kashe ni. Kina so ta san da hannunta ta yi?"

Na raka shi gida. Muka hau motar Funtua, muka sake wata zuwa ƙauye, duk hanya masara ta yi kore shar. Labari ya riga mu isa. Baba ya ce haka Allah ya so, ya koma gyaran garmarsa. Inna ta kawo mana ruwa, ta bari muka sha, sannan ta dubi Auta.

"Nasu ya fi nawa santsi ko?"

"Inna, rabo ne babu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai. Wannan ta ɗauka a matsayin amsa. Ta tashi ta zagaya bayan gida, muka bi ta. Ta yaye zana, ta durƙusa a kusurwar gabas, tana shafa ƙasa da tafin hannu har ta sami wata 'yar tsaga da ko allura da ƙyar za ta shiga.

"Na sani," in ji ta. "Makubar nan wajen ba ta jiƙu ba, na yi gaggawa. Ka saba da mai gargada, ka je ka tarar da na gaske."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Auta ya taka mini ƙafa da ƙarfi, na haɗiye ta.

Daga wannan shekarar Inna ba ta sake jagorantar daɓe ba. In an zo kiranta sai ta ce kafaɗa, kuma kafaɗar na ciwo da gaske, amma na san ba ita ba ce. Da bakinta ta ce mini wadda ta kasa yi wa ɗanta ba ta da ta cewa a ɗakin 'yar wani. Auta ya gama makaranta, ya girme gasar kamar yadda malamin ya faɗa, ya samu aikin malamin gona a wajen Kafur. Sau da yawa nakan ce masa mu faɗa mata gaskiya, yakan ce in zaɓa mata wanda ya fi sauƙi, ta kasa ne ko ta cuce shi. Ban taɓa iya zaɓa ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma na rasa wanda zan huce a kansa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ciwo ya kwantar da ita. Wata ranar Laraba da hantsi, ana ta ɗaurin dawa a gonaki, ta sa aka tara mu. Ta nemi gafarar Baba, ta nemi tawa, ta nemi ta maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Auta sai ta kamo hannunsa, muryarta da ƙyar take fita.

"Auta, ka yafe min daɓen nan. Ban yi maka shi yadda ya kamata ba."

Na dube shi, ya dube ni. Na ɗauka yau zai faɗa. Ya durƙusa, ya kifa goshinsa a kan hannunta.

"Na yafe, Inna," in ji shi.

Ta ce alhamdulillahi, ta lumshe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Shi kuma ya tashi ya fita, ya tsaya a zaure ya juya wa mutane baya.