Gidan Wendell da Sunan Eusebio

Wendell Krause Ba'amurke ne, mai gyaran famfo a jihar Idaho, kuma duk tsawon shekarun da ya yi yana kwance bututun mutane, abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: haraji. Duk ranar da aka yanka a kuɗinsa, wuni yake yana kumbure-kumbure kamar wanda aka yi wa fashi da rana tsaka. Da ya ajiye aiki sai ya tattara matarsa Marlene da ƙugiyoyin kamun kifi, suka gangaro Meziko, suka sauka a nan Boca Seca, ƙauyen masunta, don ya ji labarin wai hukuma ba ta cika leƙowa ba.

Ya ga fili a bakin teku, ya rantse nan zai ƙare rayuwarsa. To amma doka ba ta yarda baƙo ya mallaki fili a gaɓar teku da sunansa ba, sai dai banki ya riƙe masa amana, shi kuma ya riƙa biyan bankin duk shekara. Haka duk baƙin garin suke yi, suna gunaguni suna biya. Wendell kuwa ai ba irin kowa ba ne.

"In gudo daga bakin gwamnati in faɗa bakin banki?" in ji shi. "Marlene, dube ni da kyau. Na yi kama da wawa?"

"Kar ka sa ni in amsa," ta ce, ta ci gaba da yanka albasarta.

Yana da aboki masunci, Don Eusebio Murillo (“Don” a nan kamar “Malam” ne), wanda suke fita teku tare. Sai kawai ya sa aka rubuta filin da sunan Eusebio. Babu wata yarjejeniya a rubuce, domin rubutu sai da lauya, lauya kuma sai da kuɗi. Suka yi musafaha, suka sha giya, magana ta ƙare.

Gida ya tashi, kuma gaskiya ya yi kyau. Duk garin babu inda ruwa ke zuba da ƙarfi kamar banɗakin Wendell. Marlene ta dasa lemun tsami a tsakar gida. Shi kuma gogan ya zama malami. Ran Alhamis yana zama a shagon shan giya na Chela, sababbin baƙi Amurkawa su kewaye shi, yana koya musu dabarun zaman ƙasar waje, alhali bai taɓa karanta layi ɗaya na dokar ƙasar ba.

"Lauya? Ɓarawo ne mai ɗaure wuya," yakan ce. "Ku samu mutumin kirki ɗan gari, shi ke nan. Ku dube ni mana."

Su kuwa suna dubansa, har da masu gyaɗa kai.

Da Marlene ta rasu, aka ƙona gawarta kamar yadda ta bar wasiyya, ya binne tokar a gindin lemun. A nan kam ba zan yi masa ba'a ba, don na ga yadda abin ya karya shi. Kullum da safe yakan zauna a wurin da kofinsa, yana ba ta labarin gari: wane ya kama kifi, wance ta yi faɗa da surukarta. Tun daga lokacin gidan ya daina zama abin burga a wurinsa, ya zama inda Marlene take.

Eusebio bai taɓa cin amanarsa ba, ko da wasa. Ɗan harajin gida in ya zo da sunansa, yakan kawo wa Wendell, Wendell ya biya yana tsaki. Abu ɗaya ne malamin bai sa a lissafi ba: mutumin kirki ma yana mutuwa. Wata safiya zuciyar Eusebio ta tsaya yana cikin jirginsa. Wendell ya yi kuka, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

Bayan an gama zaman makoki, 'ya'yan mamacin suka zauna rabon gado. Suka tarar mahaifinsu ya bar tsohon jirgi, da gida mai yoyo, da kuma gida mafi kyau a bakin teku. Babbarsu, Araceli, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo ta same shi.

"Kawu Wendell, mu na gida mun san guminka ne," ta ce, idonta a ƙasa. "Amma ƙannena da ke can birnin Tijuana ba su san ka ba. Takarda suka gani, sun ce a sayar."

Ranar ne Wendell ya taka ofishin ɓarawo mai ɗaure wuya a karon farko. Lauya Osuna ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba.

"Don Wendell, ina shaidarka?"

"Mun yi musafaha."

"Madalla. Ina hannun da kuka yi musafahar da shi?"

Wendell ya dubi tafin hannunsa.

"To, so kake in tsaya gaban alƙali in ce, ga mutumin da ya kauce wa doka da gangan, a taimaka a ba shi lada? Kai ma ka ji yadda maganar take." Ya raka shi har ƙofa da girmamawa, ya kuma karɓi kuɗin shawara.

Araceli ce ta yi ta fama da ƙannenta har suka haƙura da sayarwa. Aka daidaita a kan a riƙa ba masu yawon hutu hayar gidan. Wendell aka bar masa ɗakin bakin ƙofa, inda yake ajiye kayan aiki, kyauta, shi kuma ya riƙa duba famfo. Har gobe yana zuwa shagon Chela, ko da yake almajiran sun watse. In wani sabon zuwa ya tambaye shi nawa yake biyan haraji a kan gida, yakan ce, "Ko sisi." Burinsa ya cika, babu mai musu.

Matsalar ita ce masu haya ba sa son su buɗe taga su ga tsoho yana hira da bishiya. Wata Ba'amurkiya daga jihar Oregon ta kai ƙara wurin Araceli, da ladabi sosai. Araceli ta roƙe shi, hawaye a idonta, ya riƙa bari sai sun tafi bakin ruwa.

Yanzu kullum yana tsaye a bakin ƙofa da kofinsa, yana jira baƙi su gama karyawa, su gama shafa mai, su kwashi tawul su fita. Kafin su fita kofin ya huce. Sannan ya shiga a hankali, ya zauna a gindin lemun.

"Yi haƙuri, Marlene, na makara," yakan ce. "Kin tuna tambayar nan da na yi miki kina yanka albasa? Bar ta kawai, ba sai kin amsa ba."