Inna A'i, Wadda Ta Mayar wa Shanu 'Ya'yansu

Kafin injin tatsa ya yi tarin farko, Inna A'i ta riga ta isa garke. Daga sallar asuba take takowa daga Dingaya, da 'yar kanwa ƙulle a bakin zane. Ta buɗe shingen maruƙa, ta bi su ɗaya-ɗaya tana taɓa hanci. In ta ji na wani a bushe, ranar likita ba shi da hutu. Shekara goma sha bakwai ke nan tana wannan a babbar gonar madarar da ke hanyar Gwaram, amma a takarda har yau sunan aikinta shara.

Shara fa! To, ku ji abin da mai shara ta yi.

Da aka buɗe gonar, an sayo fararen shanu ɗari biyu, irin namu na gida, aka kafa injuna sai sheƙi suke. Manaja Obadiya, mutumin kirki mai karatun kiwo, ya bi littafi sak: maruƙa can, iyaye nan. Aka jona inji, shiru kake ji. Saniyar da ke cika ƙwarya a ruga sai ta ɗiga abin da ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Aka ƙara dusa, aka kira injiniya daga Kano. A banza, wai talaka ya girmi sarki. Masu gona suka yanke: nan da Juma'a biyu a kai shanun kara, a rufe ƙofa. Mutum sittin za su koma gida hannu rabbana.

Obadiya da bakinsa yake ba da labarin. A'i ta jingine tsintsiya, ta russuna ta gaishe shi, ta ce:

"Ranka ya daɗe, saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Ba rowa ba ce, ajiya take masa."

Ya ce ya ji haushi, ya ji kunya, amma ya ba ta shanu goma gwaji. Ta kawo maruƙan, kowanne ya ɗan tsotsa, ta ɗaure shi gaban uwarsa. Uwa na lasa, nono na kwarara. Aka yi wa sauran shanun haka. Kafin Juma'a ta biyu, Ɗan'azumi direba ya nufi Birnin Kudu da garewani cike da madara, yana ta hon kamar mai ɗaukar amarya.

Saura saniya guda, wadda ɗanta ya mutu. A'i ta sa aka jeme fatarsa, ta yayyafa mata kanwa, ta ajiye gaban uwar. Saniyar ta shinshina, ta lasa, ta saki nono. A'i ta juya baya tana share ido, don ita ma ta binne ɗa.

Inna A'i, ke ce uwar garke. Ke ce kika fito da abin da kika gada a rugar mahaifinki, ba ki raina shi ba don kin ga inji. Gidaje sittin suna ɗora tukunya saboda maganarki, kuma ba ki taɓa yi wa kowa gori ba. Wallahi kin burge ni.

Wannan watan gwiwa ta ce ya isa, za ki huta. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu ilmi a baki kuna jin nauyin faɗa, ku faɗa. Masu ofis, ku saurara. Obadiya dai ya ɗauki darasi: duk sabon ma'aikaci, kome yawan digirinsa, makon farko a shingen maruƙa yake yi, yana bin bayan mai shara.