Baba Dallatu da Masu Fartanya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Juma'a, sha huɗu ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Dallatu, shugaban 'yan sintirin unguwarmu a Bacirawa, bayan jinyar kwana tara. Ina tankaɗe maigidana Khalilu ya shigo ya faɗa mini. Garin nan bai tuƙu ba ranar.

Baba, ni ba 'yarka ba ce, maƙwabciya ce kawai, karatuna kuma bai yi nisa ba. Amma akwai abin da na gani, ba zan iya yin shiru da shi ba.

Shekara uku ke nan, da ƙwacen waya ya yi yawa, dattawan unguwa suka sa doka: kada a ƙara ganin kowa yana zaman banza a bakin hanya. Wanda aka kama zai yashe kwata, idan ya sake a miƙa shi ga hukuma. Mun yi murna. Ba mu tuna da 'yan ƙwadago ba, waɗanda tun kafin gidaje su cinye gonaki suke tsayawa a kwanar masallaci da safe, suna jiran mai gona ya ɗauke su noma. A tsayuwar nan abincin gidana yake.

Wata safiya da damina yaranka 'yan sintiri suka kwashe su, su goma sha ɗaya, har da Khalilu. Wasunsu karo na biyu ke nan. Na zuro hijabi na biyo su a guje har wurinka, ina tunanin yadda za a ce uban 'ya'yana ɗan zaman banza ne. Ka fito, ba ka ɗaga murya ba. Ka ce kowa ya buɗe tafin hannunsa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana taɓa kantar da fartanya ta yi musu, sannan ka juya ga yaranka.

"Wannan ne hannun zaman banza? Ku ba su haƙuri."

Ka juyo ka ce mini, "Hussaina, koma gida ki ɗora tukunya, mijinki aiki za shi."

A ranar dai ka tarar da ɗanka Naziru, magidanci da gemunsa, shi da abokansa sun baje karta a dakalin ƙofar gidanka. Yaranka sun sha wucewa ta gabansu suna kau da kai. Kai da kanka ka miƙa masa shebur ya yashe kwata. Unguwa ta fito kallo, har matarka Inna Ramlat ta yi kwana biyu ba ta kula ka ba. Tun daga nan babu wanda ya ƙara cewa don talaka aka yi dokar. Ka koma wurin dattawa, aka ware wa 'yan ƙwadago gindin wata darbejiya, har yau a can suke tsayawa.

Su suka haƙa kabarinka, Baba. Khalilu ya ce sun hana kowa taɓa ƙasar, sai Naziru da ya roƙa aka ba shi shebur. Da aka fito da kai na leƙa ta zaure. Sun cika bakin hanya a tsaye, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, babu wanda ya ce su matsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya duba hannunka kamar yadda ka duba nasu. Inna Ramlat, Naziru da ƙannensa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu tare da ku. Amin.