Wutar Istifanus Ranar Babbar Sallah

A unguwarmu ta Gidan Dare ba mai kiran Istifanus da sunansa, sai dai Mai Boila. Maƙwabcinmu ne, katanga guda ta raba mu. Mutumin kudancin Zariya ne, ɗan gajere, ga sanƙo, ga shiru kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. A rijiyoyin mai na ƙasar Fatakwal ya koyi aikinsa: hura wutar baƙin mai a ƙarƙashin katuwar tukunyar ƙarfe har ruwa ya zama tururi. Zamanin soja, da arzikin mai ya buɗe masana'antu, wani kamfanin jima ya ɗauko shi zuwa Sakkwato.

Wutar nan ba a barinta ita kaɗai, ba a kuma kashe ta, don in ta mutu mai ya daskare a bututu, sai an sha wuya kafin ta tashi. Su biyu ke gadinta, shi da mijina Jinaidu. Tun farko suka raba: Juma'a Istifanus ya zauna Jinaidu ya tafi masallaci, Lahadi Jinaidu ya zauna shi ya tafi coci. Shekaru suna haka, ko musu ban taɓa ji ba. Ni ce ma mai ƙorafi, don kowane wankin rigunansu sai hannuna ya yi warin mai.

To, aka sa auren Monica, 'yarsa tilo, wata Lahadi. Sai wata ya tsaya, Babbar Sallah ta faɗo ranar. Ga shi kashegari fatun layya za su cika kamfani, ba halin kashe wuta.

Kai, mutumin nan da zurfin ciki! Bai roƙi Jinaidu ya riƙe masa wutar ba. A ganinsa Lahadi yake bin Jinaidu, ba Idi ba. Matarsa Ladi ce ta leƙo ta katanga tana hawaye, wai ya ce ƙaninsa ya kai yarinyar coci a madadinsa. Raina ya ɓaci, wallahi. Na faɗa wa Jinaidu, ya ce, "To," ya ci gaba da cin tuwonsa. Na so in ƙwace kwanon.

Da safe Istifanus ya hau kekensa da kayan aiki. Yana shiga ɗakin boila ya tarar da Jinaidu a kan benci, cikin sabuwar rigarsa ta Sallah, ya naɗe hannuwa, yana leƙen wuta ta ƙaramin gilashi.

"Malam Jinaidu, Idi fa?"

"Idi na dawowa baɗi in da rai," in ji Jinaidu. "Ɗiya kau sau guda aka kai ta. Tahi, kak ka makara."

Ladi ta ce da ya dawo gida, ita ta ɓalla masa maɓallan kwat, ya kai Monica coci da kansa.

Rigar Sallar kuwa ta dawo da tabon baƙin mai a gaba. Na yi sabulu, na yi toka, bai fita ba. Ita Jinaidu ya sa ranar sunan ɗan Monica na fari, kuma ban ce masa ya canza ba.