Sunan da na goge daga kundin ƙawata

Tsufa zai iya kwashe min komai na zamana a Kuala Lumpur, amma ban da ranar da na kusa ɓata ran wata tsohuwa da ban taɓa gani ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a wata jami'a a unguwar Bukit Jalil. Allah ya yi ni da ji da kai a kan Turanci, duk wanda ya kawo min rubutu sai na yi masa kaca-kaca da jan biro. A ajinmu akwai wata baturiya 'yar ƙabilar Bask, mutanen arewacin Sifaniya masu harshensu na kansu. Mun shaƙu ƙwarai, ita ce baturiyar farko da na ga tana neman ƙarin yaji a miyar kuka. Kundin kammala karatunta a kan jam'iyyar siyasar da marigayi kakanta ya yi wa hidima ta rubuta shi, ta roƙe ni in gyara mata Turancin.

Ina buɗewa na ga sunan jam'iyyar ko'ina da harshensu, dogo, ko furta shi na kasa. Na ce wannan ai wahalar da malami ne. Da na bincika sai na tarar jam'iyyar tana da wani suna na Sifaniyanci mai sauƙi. Na juya shi zuwa Turanci, na maye gurbinsa a duk kundin. Har shagon buga takardu na kai aka yi masa bango, wai ni mai ba da mamaki.

Abokiyar zamana, 'yar Kano, sai da ta ja min kunne. "Ke, kin tambaye ta kuwa? Editing aka ce ki yi, ba raɗin suna ba lah," in ji ta, da "lah" ɗin da mutanen garin ke ƙare magana da shi. Na ce ta rufe min baki, me ta sani.

Da azahar muka haɗu da baturiyar a mamak, wato gidan abincin da muke shan shayi. Na miƙa mata kundin ina jiran yabo. Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, murmushinta ya fara gushewa.

"Ina sunan?" ta tambaye ni.

Na yi mata bayani da gadara. Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce ta yi wa kakarta, matar marigayin, alkawarin kwafi ɗaya. Tsohuwar ba ta jin Turanci ko kalma, kuma tana yarinya an sha hukunta ta a makaranta don ta yi magana da harshensu.

"Ƙawata, abu ɗaya tak za ta iya karantawa a kundin nan, shi kika cire."

Wallahi kunya ta kama ni kamar in nutse. Ni da na tashi kowa a garinmu yana jin harshena, ban taɓa tunanin akwai wanda ya sha wuya kafin ya riƙe nasa ba. Na ba ta haƙuri, ta yi dariya ta ce hukuncina shi ne in koyi furta sunan. Na yi ta kwaɓawa har mai kawo shayi ya tsaya kallo. Ta fayyace min ma'anar kowace kalma, muka rubuta bayanin da Turanci sau ɗaya a farko, muka mayar da sunan inda yake.

Bayan ta koma gida ta turo min bidiyo. Kakarta ce da tabarau, tana bin layuka da yatsa, tana wuce Turancina duka ba ko kallo. Duk inda ta ci karo da sunan sai ta tsaya, ta karanta shi da ƙarfi, ta shafa wurin. Na yi kuka sosai.

Tun daga ranar, kafin in fassara suna sai na tambayi mai shi, don ban san wa ke jiran ganinsa yadda yake ba.