Yarinyar Tebur na Bakwai

Malama Ƙauna, alƙaliyar gasar darar ces ta ɗaliban Mubi, ba ta san yarinyar da ke tebur na bakwai ba. Takardar sunaye ta ce sunanta Haula, daga wata sakandare a Vimtim. Siririya ce, hijabinta ya koɗe a kafaɗa, tafin hannunta duk kanta irin ta masu cirar gyaɗa. Ba allon take kallo ba, abokin karawarta Khamis take kallo, zakaran bara, ɗan Yelwa mai agogo mai sheƙi.

Khamis ya buɗe da tarkon da ake ɗana wa sabon shiga, ya fito da sarauniya tun taku na biyu. Haula ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta tare da doki kamar mai shekara guda tana jiran wannan takun. Malama Ƙauna tana zargin an taɓa kayar da yarinyar da wannan tarkon a gaban jama'a. Wataƙila tun ranar take jera marafen kwalba a tabarma a matsayin 'ya'yan dara, tana maimaita wasan.

Yanzu sau biyu hanyar kama sarki tana buɗewa, Haula tana ƙin bi. Sojojinsa take tsincewa ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a gefenta.

Khamis ya share gumi, ya miƙa hannu. "Ƙanwata, mu tashi canjaras mana."

Ta dubi hannun, ba ta karɓa ba.

"Bara cewa ka yi in koma gona," in ji ta. "Zauna, yaya. Saura dokinka ɗaya."